Dandalin Kowa: Tsara Filin Wasa a Garuruwan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Duk garin da yaƙi ya bi ta kansa, idan mutanensa suka fara dawowa, abin da suke nema da farko sananne ne: a gyara rijiya, a ɗora rufin ɗaki, a buɗe makaranta da asibiti, a samo iri kafin damina ta faɗi. A irin wannan hali da wuya a ji wani ya kawo zancen filin wasa, kuma ba za a ga laifin kowa ba. Sai dai a daidai wannan lokaci ne ake sake auna filaye, ana yanka fuloti, ana kafa shagunan haya a duk inda aka ga sarari. Filin da aka riga aka gina kuwa ba ya komawa fili. Saboda haka garin da bai keɓe wa 'ya'yansa wurin wasa a farkon gyara ba, zai wayi gari yaransa suna buga ƙwallo a kan hanyar mota ko suna wanka a cikin magudanar ruwa.

Wannan shi ne abin da ke gaban 'yan'uwanmu Hausawa da ke zaune a yankin Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Tambayar da ya kamata su yi wa kansu ita ce: idan an keɓe filin, wane ne zai shiga cikinsa?

Su wane ne waɗannan 'yan'uwa?

Tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce mutanen ƙasar Hausa suke ratsa Sudan a ƙafa da kan raƙumi a hanyarsu ta zuwa aikin Hajji, wasu kuma suka yada zango har zangon ya zama gida. Babbar hijira ta biyo bayan Yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja sauran jama'a suka nausa gabas, suka isa gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906. Garin da suka kafa kudu da Sinnar yana nan da sunansa, Mai Wurno, Fulani da Hausawa suna zaune a cikinsa.

A 1925 aka gama gina madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe aikin noman rani na Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wanda bayan an faɗaɗa shi zuwa yankin Manakil ya haura feddan miliyan 2. Feddan shi ne ma'aunin gona a Sudan, faɗinsa murabba'in mita 4,200. Gonakin auduga sun bukaci hannuwa masu yawa, sai mutanen Afirka ta Yamma da na Darfur suka kwararo. Wasu sun kafa garuruwa a bakin kogi, suna noman lambu da kamun kifi, har zuwa Rusairis da Damazin. Wasu kuma suka zauna a unguwannin 'yan ƙodago da ke gefen gonaki, waɗanda ake kira kambo, jam'insu kanabi. Da yawa daga cikin kanabin nan sun shekara goma-goma ba makaranta, ba ruwan famfo, ba kuma takardar mallakar ƙasar da aka gina su a kai.

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa yankin nauyi. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan ƙasa da sarautar gargajiya, a watan Oktoba kuma aka kashe fiye da mutum 200 cikin 'yan kwanaki a yankin Wad al-Mahi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, Sinja kuma a ƙarshen Yuni 2024. Soja ya karɓe Sinja a Nuwamba 2024, ya karɓe Wad Madani a Janairu 2025. A cikin shekarar 2025 fiye da mutum miliyan ɗaya suka koma gidajensu, akasarinsu a Jazira da Sinnar da Hartum.

Ƙasar da ta san ƙwallo

Sudan ba baƙuwa ba ce a fagen wasanni. A Hartum aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka a 1957, a can kuma aka buga gasar cin Kofin Afirka ta farko a wannan shekara. A 1970 Sudan ta sake karɓar baƙuncin gasar, ta kuma ɗauki kofin, an ma buga wasu daga cikin wasannin a Wad Madani. Ko a tsakiyar yaƙi, ƙungiyar ƙasar ta samu gurbin zuwa gasar 2025 ta Maroko ba tare da ta buga wasa ko ɗaya a gida ba, manyan kulob-kulob na Umdurman, Hilal da Marik, suka koma buga gasar Muritaniya a 2024. A unguwanni da ƙauyuka kuwa akwai ƙwallon yamma da ake kira dafuri, wanda duwatsu biyu suke zama raga, akwai kuma gasar dare ta watan azumi.

To amma idan mutum ya tsaya a bakin irin wannan fili da la'asar, a Jazira ko a Maradi ko a Katsina, abin da zai gani ɗaya ne: samari masu ƙarfi sun cika tsakiya, ƙananan yara an kore su gefe, 'yan mata suna wucewa da tulu ko da talla, gurgu yana kallo daga nesa, tsofaffi kuwa ba su da ko inuwar da za su zauna. Filin sunansa na gari, amma kashi ɗaya ne na mutanen gari suke cin moriyarsa.

Dandalin ƙasar Hausa na dā ya fi wannan yalwa. Da farin wata 'yan mata suna gaɗa a gefe ɗaya, samari suna langa da kokawa a ɗaya gefen, dattawa suna dara a gindin bishiya da rana. Yaran Sudan ma suna da wasan farin wata da suke kira shilel, inda ake jefa ƙashi a tafi nemansa, manya kuma suna da sija, wadda ta yi kama da dara. Saboda haka fili na kowa ba baƙon tunani ba ne da aka ɗauko daga Turai. Abin da ake bukata shi ne a maido da yalwar dandali, a ƙara mata abin da zamani ya koyar.

Fara da ƙasar da za a taka

Abu na farko a garin da aka yi faɗa a cikinsa shi ne a tabbatar da cewa filin ba shi da ragowar makamai. Harsashi da gurneti da ba su fashe ba suna iya kwanciya a cikin ciyawa shekara da shekaru, yara kuma su ne suka fi saurin ɗaukar abin da ya yi kama da abin wasa. Wannan aikin ƙwararru ne na hukumar kwance nakiyoyi ta ƙasa da ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kada matasan gari su shiga da fartanya suna share fili kafin masana su duba shi.

Abu na biyu shi ne irin ƙasar yankin. Ƙasar Jazira baƙar laka ce: da damina, daga Yuli zuwa Satumba, tana riƙe ruwa tana kama ƙafa, da rani kuma tana tsagewa har tsagar ta iya gurɗe ƙafar mai gudu. Maganin wannan shi ne a ɗaga tsakiyar filin, a karkata shi zuwa gefe kamar santimita ɗaya a kowace mita, a haƙa lambatu a kewaye, sannan a zuba yashin kogi a sama. Ruwan da ya kwanta a fili gidan sauro ne, zazzaɓin cizon sauro kuwa tsohon ciwo ne a yankin noman rani. Ɓaraguzan jan bulo, waɗanda ake samu a wuraren gasa bulo na bakin kogi, suna yin hanya mai ƙarfi da ba ta cafkewa.

Abu na uku shi ne ƙaya. Jazira da Sinnar suna cikin wuraren da aka fi fama da cutar madura a duniya. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa, tana shiga jiki ta ƙaramin rauni irin na sukar ƙaya, ta kumbura ƙafa a hankali ba tare da zafi ba, har ta kai ga ƙashi, wani lokaci sai an yanke ƙafar. Jami'ar Hartum ta kafa cibiyar bincike a kanta a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Yaro mai buga ƙwallo ba takalmi a ƙarƙashin bagaruwa yana cikin haɗari. Bagaruwa bishiya ce mai daraja a gaɓar Shuɗin Nilu, inda dazukanta suke shan ambaliya kowace shekara, haka nan aduwa tana da amfaninta, amma wurinsu nesa da inda ake gudu. A bakin fili a shuka dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi: ba shi da ƙaya, inuwarsa tana nan a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Da yake ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, sai a dasa shi a kan tudun da aka tara. Tsamiya tana jinkirin girma, amma jikoki za su gode wa wanda ya dasa ta.

Abu na huɗu shi ne nisa da magudanar ruwa. Magudanan Jazira suna cike da dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar tsargiya, har sai da aka kafa babban shirin lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 domin yaƙi da ita da zazzaɓi da gudawa. Yaron da ya gama wasa cikin gumi, idan magudana ce kusa da shi, cikinta zai faɗa. Gara filin ya kasance kusa da makaranta, a ajiye randunan ruwan sha a rumfa, a tanadi wurin wanke ƙafa da alwala.

Rabon fili

Feddan 3, wato murabba'in mita 12,600, sun ishi gari matsakaici. Filin ƙwallo mai tsawon mita 100 da faɗin mita 60 zai ɗauki kusan rabi. A shimfiɗa shi daga arewa zuwa kudu, domin kada ranar yamma ta riƙa dukan idon mai tsaron raga. Ragowar rabin shi ne inda ake gane ko filin na kowa ne.

A keɓe wa ƙananan yara kusurwa mai yashi, da lilo da tsofaffin tayoyi, a kewaye ta da gajeren shinge, a sa ta inda ƙwallo ba ta faɗawa. A gefenta a kafa rumfa da benci, domin uwa ko kaka ta zauna tana ganin ɗanta. A zuba wa 'yan kokawa da'irar yashi. Mutanen Nijar sun nuna abin da kokawa ke iya yi: tun 1975 gasar Takobi take tara jihohin ƙasar a fage ɗaya, Sudan ma tana da kokawar Nuba da ta daɗe tana tara jama'a a unguwar Haj Yusuf ta Hartum. A zagaye dukan filin da hanyar tafiya a ƙarƙashin inuwa, da wurin zama bayan kowane ɗan taƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yaro ya motsa jiki na minti 60 a kullum, babba kuma aƙalla minti 150 a mako. Dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari da likita ya ce ya riƙa tafiya, a nan zai samu inda zai yi ta ba tare da ya yi karo da babur ba.

Fitila mai aiki da hasken rana, ko da guda huɗu ce, tana ƙara wa fili awoyi masu sanyi bayan magariba da isha'i, tana kuma hana shi zama maɓoyar 'yan shaye-shaye.

Mata da 'yan mata

A gidaje da yawa, da zarar yarinya ta fara tasawa sai a ce wasa ya ƙare. Dalilin iyaye shi ne tsare mutunci, dalili ne kuma mai ƙarfi. Amma tsare mutunci bai hana motsa jiki ba. Ya tabbata a littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ya kuma tsaya ya kāre ta tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci. Abin da ke kan masu tsara fili shi ne su gina wurin da uba zai bar 'yarsa ta je da kwanciyar hankali.

Wannan yana samuwa da abubuwa masu sauƙi. A keɓe sashe mai katanga ko zana mai tsayi, ƙofarsa tana fuskantar cikin gari. A gina masa makewayi nasa dabam, mai ƙofa da sakata. Filin ƙwallon raga mita 18 ne da 9 kacal, zai shiga cikin wannan sashe har ya bar wurin gaɗa da tsallen igiya. A sa mace ta riƙe mabuɗi, malamar makaranta ko wata dattijuwa da ake jin maganarta. A kuma tambayi matan da kansu lokacin da ya dace da su, domin wanda bai taɓa ɗora sanwa ba bai san sa'ar da mace take samun sarari ba. Sudan ta fara gasar ƙwallon ƙafa ta mata a ƙarshen Satumba 2019. Ko gari ya yarda da irin wannan gasa ko bai yarda ba, lafiyar 'ya'yansa mata tana wuyansa.

Masu lalura

Kowane yaƙi yana barin mutanen da suka rasa ƙafa ko hannu ko ido, ga kuma waɗanda shan-inna da madura suka riga suka taɓa. Sudan ta amince a 2009 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu lalura, wadda sashe na 30 nata ya ambaci wasanni da shaƙatawa. Amma takarda ba ta tura keken gurgu cikin yashi. Hanyar shiga ta zama mai tauri, faɗinta aƙalla mita ɗaya da rabi. Inda akwai tudu, a yi gangara mai tsawon mita 12 ga kowace mita ɗaya ta tsayi, maimakon matakala. A jera bulo a gefen hanya domin sandar makaho ta riƙa bi. Ƙofar makewayi ta isa keke ya shiga, a kuma kafa ƙarfen dafawa a ciki.

Su ma 'yan wasa ne, ba 'yan kallo kaɗai ba. A Kano, a 1988, Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, inda 'yan wasa suke zama a kan katako mai taya suna buga ƙwallo da hannu, wasan kuma ya bazu a Nijeriya har ya tsallaka maƙwabta. A Saliyo, bayan yaƙin basasa, waɗanda aka yanke wa ƙafa suka kafa ƙungiyoyin ƙwallo suna gudu da sanduna, a 2007 kuma aka yi gasar Afirka ta farko ta wannan wasa a Firitawun. Abin da ƙwallon guragu ke bukata shi ne daɓen siminti mai santsi, wanda zai kuma yi wa sauran matasa amfani wajen ƙwallon kwando. Makafi suna wasa da ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, kurame kuma tutar alkalin wasa ce ke maye musu gurbin usur.

Filin na wane ne?

A nan ne maganar ta fi nauyi. Rikicin 2022 ya taso ne daga tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. A Janairu 2025, lokacin da soja ke komawa Jazira, an kai wa wasu kanabi hari bisa zargin sun goyi bayan abokan gaba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba. Filin ƙwallo ba zai warware rigimar ƙasa ba, ba kuma zai maye gurbin shari'a da adalci ba. Amma yaron gari da yaron kambo da suka taso cikin ƙungiya ɗaya, kowa ya san sunan uban ɗan'uwansa, zai yi wuya wani ya zo daga baya ya ce wa ɗayansu ɗan'uwansa maƙiyi ne. Idan akwai kambo kusa da gari, ya kamata a zaɓi fili a tsakaninsu, a yi masa ƙofa ta kowane ɓangare. A gasar azumi kuma a riƙa gauraya 'yan wasa, maimakon kowace ƙabila ta fito da tata ƙungiya.

Dole ne kuma filin ya samu takarda. Alkawarin baki yana mutuwa tare da mai unguwar da ya ɗauke shi. Ko dai a yi masa rajista a ofishin ƙaramar hukuma da sunan amfanin jama'a, ko mai gona ya ba da shi waƙafi a rubuce a gaban shaidu, a dasa bishiyoyi a kan iyakarsa tun ranar farko. Kwamitin da zai kula da shi ya ƙunshi mace, da mai lalura, da wakilin kambo, da liman, da malamin makaranta, da matashi. Aikin kuwa ba sai an jira gwamnati ba. Abin da muke kira gayya, mutanen Sudan suna kiransa nafir, da shi suke gina ɗakuna suna girbe gonaki. Mai amalanke ya kawo yashi, mai gasa bulo ya ba da ɓaraguzai, kowane gida ya ɗauki bishiya ɗaya ya riƙa ba ta ruwa har ta kama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya kai mai karatu, wannan magana ta shafi garinka kamar yadda ta shafi Mai Wurno. A Maradi da Damagaram da Kano filayen unguwa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, yau a ga yara suna wasa, gobe a ga an zuba tubali. Ka duba filin da ya rage a unguwarku: ko yana da takarda, ko 'yarka tana iya zuwa, ko keken gurgu yana shiga. Idan amsar babu ce, taron masallaci ko na iyayen yara na gaba wuri ne da ya dace a tayar da zancen. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.